Kada Ka Ɓuya a Bayan "Ni Wane Ne?"

'Yan'uwana matasa, akwai wata kalma da ta zama mana mafaka a ikkilisiya, kuma ta fara damuna. Da zarar lokacin zaɓen shugabannin zumuntar matasa ya zo, ko aka nemi wanda zai riƙe ajin yara a makarantar Lahadi, sai kowa ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni wane ne? A ba waɗanda suka fi ni." Jama'a kuwa su yaba, wai yaron nan akwai tawali'u.

Ni ma na faɗe ta. Shekarun baya dattawan ikkilisiyarmu suka kira ni in koyar da yara, na ce ban isa ba. Abin da ke zuciyata dabam ne: ba na son tashi da wuri, ina kuma tsoron a ga kasawata. Makonni aka yi yaran nan suna zaune ƙarƙashin bishiya ba malami, ni kuma ina cikin majami'a ina rera waƙa da hannu a sama. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Ku buɗe Fitowa sura 3 da 4. Musa ma ya tambayi Allah shi wane ne da zai je gaban Fir'auna, Allah bai yi fushi ba, ya yi masa alkawari zai kasance tare da shi. Ya kawo maganar nauyin bakinsa, aka ba shi amsa. Amma da ya roƙa a aiki wani, nan ne fushin Ubangiji ya ƙuna. Wannan Musan ne Littafin Ƙidaya 12:3 ya shaida cewa ya fi kowa tawali'u a duniya, kuma shaidar ta zo ne bayan ya ɗauki nauyin jama'a a jeji, yana shan gunaguninsu dare da rana. Bawan nan na Matiyu 25 da ya binne talanti ɗaya a ƙasa bai saci ko kwabo ba, ya mayar da kuɗin cif. Duk da haka maigidansa ya kira shi mugu, rago.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, shi ma mun san shi. Wanda aka ba shugabancin mawaƙa wata uku kacal, tafiyarsa ta canza, gaisuwa ta yi masa nauyi, a tambaye shi lissafin baiko ya ce an raina shi. Girman kai rawanin tsiya ne, ko da a kan bagade aka naɗa shi.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne Yohanna 13. Kafin a ce Yesu ya tashi daga cin abinci, an fara gaya mana ya san Uba ya sa kome a hannunsa, ya san inda ya fito da inda za shi. Da wannan sanin ne ya tuɓe mayafinsa, ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a daro, ya wanke ƙafafun almajiransa, har da na Yahuza. Bai musunta matsayinsa ba, da ya gama ma ya ce musu daidai ne da suke kiransa Malam da Ubangiji. Bulus ma haka: a 1 Korintiyawa 15 ya kira kansa mafi ƙanƙanta cikin manzanni, a aya ta gaba ya ce ya fi su duka aiki, ya kuma mayar da yabon ga alherin Allah.

Saboda haka in an ambaci sunanka a zaɓe mai zuwa, ɗan'uwa, ka yi addu'a, ka shawarci fasto ko wani dattijo. In da dalili na gaskiya, ka faɗe shi a fili. In babu, ka karɓa. Ke ma 'yar'uwa, kada kunya ta binne baiwarki. Ka rubuta kowace naira da ta shigo hannunka, ka karanta wa jama'a tun ba su tambaya ba. In an yi maka gyara ka ce na gode, babba juji ne. Ranar sharar majami'a kuma ka riga kowa zuwa, da tsintsiyarka a hannu.