Ba Kowane Nauyin Kwamfuta Ne Bairos Ba

Abin yana damuna: da zarar kwamfuta ta fara nauyi ko Chrome, manhajar shiga intanet, ya daskare, sai a ce bairos ne, a kai ta wurin mai gyara a goge komai. Masu wannan zato suna da hujja, domin bairos kan jawo nauyi, kuma bayan gogewa kwamfutar takan ɗan saki jiki.

Sai dai galibi matsalar daga RAM take, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke ɗora aikin da take kai. Kowane shafin intanet da ka buɗe yana cin rabonsa. Ɗauki kwamfuta mai RAM 4GB: Windows ta riga ta ci nata kaso mai tsoka, ga shafuka 20 a buɗe, har da YouTube da Facebook. Idan wuri ya ƙare, sai ta koma jibge ragowar a kan hadis (hard disk), wato ma'ajiyar dindindin ta kwamfuta, wanda bai kama ƙafar RAM a sauri ba. Daskarewar ke nan. Ko an goge, ranar da ka sake tara shafukan za ta dawo, wataƙila kuma ka yi asarar hotuna da takardunka a banza.

Kafin ka ɗauke ta, danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai nuna maka abin da ke cinye RAM ɗin. Rufe shafukan da ba ka buƙata. A duba fanka ma, don ƙurar hunturu takan toshe ta, kwamfuta kuwa in ta yi zafi da kanta take rage gudu. In da hali, a ƙara RAM ko a sa SSD, wato ma'ajiyar da ta fi hadis sauri, a maimakonsa.