Na biya kuɗin wasa, don me rabinsa yake a kulle?

Wallahi raina a ɓace yake da irin cinikin da kamfanonin wasan bidiyo suke yi mana, kuma na san ba ni kaɗai ba ne cikin Hausawan Jidda da Makka da abin nan yake ci wa tuwo a ƙwarya. Babban sabon wasa yau dala 70 ne. Dala ɗaya riyal 3.75 ce, ka ga riyal 262 da rabi ke nan, kafin harajin kaya da ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari a Yulin 2020. Kusan riyal 300 sun fita daga aljihunka. Sai ka kawo gida, yara su kewaye talabijin da murna, a kunna, ka ga jaruman wasan a jere, wasu da haske, wasu an dusashe su an liƙa musu hoton kwaɗo. Haka wani wasan yaƙi da na saya wa yarana ya yi mana tun daren farko. Filayen da aka nuna a talla, uku a buɗe, sauran sai ka sake biya.

Abin da aka kulle tun ranar da wasa ya fito ai ba ƙari ba ne. Tare aka gama su, sannan aka yanke wani yanki aka ɓoye a bayan kanta. Kamar ka biya hayar gida ta shekara cif, ka tare da iyalinka, mai gida ya bar ɗaki guda a garƙame ya ce mabuɗinsa kuɗi daban. Kuma wannan ba zargi ba ne, an taɓa kama su dumu-dumu: a 2012 masu bincike suka gano jarumai 12 kwance cikin faifan Street Fighter X Tekken na kamfanin Capcom, a cikin faifan da mutane suka riga suka saya, aka ce sai an ƙara dala 20 kafin a buɗe su.

Wani zai ce to a hana yara wasan mana, a huta. Mai faɗin haka bai yi bazara a Jidda ba. Tun da aka rushe tsofaffin unguwanni irin su Gulail da Karantina da Sabil daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, da yawanmu muka koma gidajen bene, ba tsakar gida, ba filin ƙwallo a ƙofa, 'yan'uwa kuma an warwatsu. Rana ta take, zafi da gumi ba sa barin yaro ya leƙa waje sai bayan isha'i. A cikin wasan nan ɗana yake haɗuwa da ɗan ƙanwata da ke Makka, su yi hira su yi dariya. Ni kaina ina bugawa in na dawo daga aiki. Ba wasa nake ƙi ba, kuma ba kowane ƙari nake ƙi ba. Blood and Wine da aka yi wa The Witcher 3 a 2016 dala 20 ne, amma sabuwar ƙasa ce guda da labarinta, mutum zai yi makonni bai gama ba. Shadow of the Erdtree na Elden Ring ya fito a 2024, fiye da shekara biyu bayan wasan, dala 40. Da tsada, amma ka ga gumin mutane a ciki. Irin wannan in ina da hali zan biya ban yi tsaki ba, duk da cewa wasannin manya ne, ba na yara ba.

Sai dai irinsu nawa ne? Mafi yawan abin da ake tallata wa yaranmu riga ce, da fentin bindiga, da rawa. A 2006 da kamfanin Bethesda ya sayar da sulken doki a wasan Oblivion kan dala biyu da rabi, duniya ta yi masa ca. Yau rigar jarumi guda tana kaiwa dala 20, riyal 75, ba wanda ya ce uffan. Riyal 75 cefanen kwanaki ne a gidan direba ko tela. Mai iƙama, wato takardar zama a Saudiyya, da ke biyan riyal 400 duk wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa ya san nauyin wannan kuɗi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kuɗin bogi da suka ƙirƙiro. Ba za su taɓa rubuta maka farashi da riyal ba. Sai ka sayi wasu tsabobi ko lu'ulu'u na cikin wasa tukuna, sannan da su za ka sayi kayan. Kuma da gangan suke tsara shi yadda lissafi ba zai taɓa fita daidai ba: abin da yaro yake so ya ɗara ƙaramin ƙunshi kaɗan, dole ka sayi babba, canjin da ya rage kuma ba ya sayen komai, ba a mayar maka da shi. Yana nan zaune a kusurwar allo yana kiran yaro ya cika. Ga agogo an maƙala a gefe yana ƙirga sa'o'i, wai kayan zai ɓace gobe. Yaro ɗan shekara goma ina ya ga ƙarfin zuciyar da zai tsaya wa wannan? Manyan mutane masu digiri ne suka zauna a ofis suka auna inda zuciyarsa take da rauni. Babban ɗana ya same ni da daddare yana neman shahan, wato kuɗin da ake lodawa a wasa, ya tsuguna, ya ce, "Baba, don Allah shahan na riyal hamsin kawai, yau za a cire." Na ce, "Me za ka yi da shi?" Ya sunkuyar da kai ya ce abokansa suna ce masa miskin saboda har yanzu rigar kyauta jaruminsa yake sawa. Yaron da ba ya rasa ci da sha, an sa shi jin kunyar talauci a kan rigar da ba ta da zare ko ɗaya. Wannan ne ba zan yafe ba.

Sannan a zo kan akwatunan sa'a, waɗanda yara ke kira bakajat. Ka biya kuɗi, ba ka san abin da ke ciki ba, allo ya yi walƙiya, kiɗa ya tashi, a fito maka da tarkacen da kake da shi tun tuni. Wannan in ba caca ba mece ce? Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya wuri guda, kuma hadisin hana cinikin garari yana cikin Sahihu Muslim, ɗalibin Islamiyya ma ya san shi. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin waɗannan akwatuna caca ne, har kamfanin EA, masu wasan ƙwallon FIFA, ya daina sayar da makin da ake sayen akwatunan da su a ƙasar a Janairun 2019. Da suka fara bayyana yiwuwar samun katunan manyan 'yan wasa a FIFA 19, wasu an rubuta ƙasa da kashi 1 cikin ɗari. Amma shekara da shekaru wasan yana ɗauke da alamar cewa ya dace da ɗan shekara 3 a ma'aunin Turai. Kamfanin ya samu dala biliyan 1.62 daga sashen Ultimate Team, inda ake haɗa ƙungiya da katunan da ke fitowa daga akwatunan nan, a shekarar kuɗinsa ta 2021 kaɗai. Kuma duk ƙungiyar da mutum ya tara da kuɗinsa, sabon wasa na fitowa a kaka sai ya faro daga farko, ba ɗan wasa ɗaya da zai bi shi.

Ko abin da ka saya ɗin ma ba naka ba ne, izinin amfani aka ba ka. Ubisoft ta kashe wasan tseren mota The Crew a ƙarshen Maris 2024, waɗanda suka saye shi da duk ƙarinsa suka wayi gari ba ya buɗewa. Jihar Kalifoniya sai da ta yi doka a shekarar cewa dole a gaya wa mai saye ƙarara cewa lasisi ne yake biya.

Na rubuta wa kamfanin wasan da na saya ina neman a mayar mini da kuɗin wani ƙari da ya zo ba kamar yadda aka nuna ba. Amsar da ta dawo ta na'ura ce, doguwar Turanci, ƙarshenta dai tunda an sauke kayan ba mayarwa. Karɓar kuɗi danna maɓalli ɗaya ne, ba tambaya. Mayarwa kuwa sai ka cike takardu, ka jira, a ce maka a'a. Kuma hukumomi sun san wannan salo. A Disamban 2022 hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka ta sa kamfanin Epic Games, masu Fortnite, biyan dala miliyan 520, miliyan 245 daga ciki don mayar wa mutanen da aka tsara maɓallai yadda za su sayi abin da ba su yi niyya ba, har da yaran da suka kashe kuɗin iyaye ba da saninsu ba. Iyayen Amurka an share musu hawaye. Matar da ke aikatau a Makka, wadda ɗanta ya kwashe mata albashi ta wayarta, wa zai tsaya mata?

Ƙasar nan ta Saudiyya ba 'yar kallo ba ce a harkar. Kamfanin Savvy na asusun zuba jarin gwamnati ya sayi kamfanin wasannin waya Scopely kan dala biliyan 4.9 a 2023. Riyad ta karɓi gasar duniya ta wasannin bidiyo a 2024 da kyautar sama da dala miliyan 60. A Satumban 2025 aka sanar cewa asusun da abokan hulɗarsa za su sayi EA kan dala biliyan 55. Wanda ya zuba irin wannan dukiya yana da bakin magana. Abin da nake roƙo bai taka kara ya karya ba: a tilasta rubuta farashin kowane abu da riyal a gefen tsabobin bogin nan, a mayar wa mutum canjinsa in ya nema, a rubuta a jikin kwali abin da ke kulle kafin in biya, a hana sayar wa ƙananan yara akwatin sa'a kwata-kwata. Beljiyam mai mutum miliyan goma sha ɗaya da 'yan kai ta iya tanƙwara su.

Kafin nan, a gidana babu katin banki a jikin na'ura, kuma duk ƙarin da za a saya sai mun zauna da yaro mun mayar da farashinsa riyal a takarda, ya gaya mini sa'a nawa zai yi yana more shi. In sabon labari ne da sabuwar ƙasa, mu tara kuɗin mu jira rangwame. In riga ce ko akwati, ko halala ɗaya ba za su gani daga hannuna ba.