Wa Ya Tambaye Ku Ƙarshen Labari?

Wai mutum ba shi da ikon faɗin littafin da yake karantawa ne? Kana cewa ka fara wani labarin ban tsoro, sai wani ya yi caraf: "Ka zo inda aka gane matar fatalwa ce?" Malam, ina shafi na 30, ko ƙofar gidan ba ta fara buɗe kanta ba! Na almara kuwa ba a magana. Ka sha wahalar haddace taswirar farkon littafi, da sunayen sarakunan da harshe ba ya iya furtawa, juzu'i uku kowanne kamar bulo, sannan a ce maka, "Allah sarki, kada dai ka shaƙu da matsafin nan." To ai ka kashe shi ke nan! Masu labarin zane su ne ƙarshe, hoton shafin ƙarshe za su turo, jarumi kwance cikin jini, wai "dubi kyan zane." Kyan me? Ga kuma mai fara magana da "ba zan ɓata maka ba, amma..." Amma me, bawan Allah? Bakinka zai ruɓe ne in ka yi shiru?