Ba Baƙi Kaɗai Ke Cika Gari Ba

Da zarar gari ya cika, haya ta yi tsada, sai ka ji ana cewa mutanen ƙauye ne suka kwararo. Wannan ɗora musu nauyin da ba nasu kaɗai ba ne. A yawancin ƙasashe masu tasowa, fiye da rabin ƙaruwar mutanen birni daga haihuwa take, domin waɗanda ake haifa sun fi masu rasuwa yawa. Ka leƙa ajin firamare, yara maƙil har bakin ƙofa, akasarinsu a unguwar aka yanke musu cibiya. Ƙarin kashi 3 cikin 100 duk shekara ya isa jama'a su ninka cikin kimanin shekara 23.

Sannan gari yakan faɗaɗa ya haɗiye ƙauyukan gefensa. Manomi bai taka ko'ina ba, a wayi gari ana ƙirga shi cikin 'yan birni.