Bel ɗinmu na shinge ne kawai

Na karanta duk abin da kuka rubuta a ƙarƙashin ɗan rubutun da na yi jiya kan direban motar hayar nan da ya ji haushi don na ɗaura bel amma ya rataya nasa da ya hango shingen jami'ai, har da masu cewa na cika iyayi, har da bawan Allahn da ya ce wai boko ce ta yi min karo. Na gode, Allah Ya bar zumunci. Amma ina nan a kan bakana, yau ma ƙari zan yi: a ƙasar nan kusan babu mai ɗaura bel don ransa, don shinge muke ɗaurawa. Direba ya sani, fasinja ya sani, mai kakin da ke tsaye a bakin titi yana ɗaga hannu kuwa ya fi kowa sani, kawai dai mun haɗu mun yi shiru muna yaudarar juna.

Masu cewa na yi wa direban sharri, to me na ƙara masa? Kuɗin mutum biyu na biya a tasha don in zauna ni kaɗai a gidan gaba, tunda kun san yadda ake yi, mutum biyu a gaba huɗu a baya kamar dai haka kamfanin ya ƙera motar. Ina jan bel sai ya kalle ni sheƙeƙe ya ce "Malam, ba ka yarda da tuƙina ba ne?" sai ka ce na zagi iyayensa. Mutumin nan da ya ji haushi don na ɗaura nawa, shi ne muna hango tayoyi da gungumen icce a tsakiyar titi ya yi wuf ya janyo nasa ya rataya a kafaɗa ya danne bakin da cinya, ko sakawa cikin ramin bai yi ba don ramin ma ya daɗe da mutuwa. Ya rage gudu, "ranka ya daɗe barka da aiki", hannu ya fita ta taga a dunƙule ya dawo a buɗe, kafin ya saka giya ta uku bel ya koma mazauninsa fiit. Shi kuma na shingen, ba zan faɗi kakin wace hukuma ba ne don ba shi ne zancen ba, ya ga but a buɗe an ɗaure buhuna da igiya, ya ga mata huɗu a baya da yara biyu a cinya, duk bai ga laifi ba, tunda baƙin layin nan ya ratsa ƙirjin direba shi kenan doka ta cika.

Doka kam akwai ta, kar wani ya zo ya ce min ai babu. An kafa hukumar kiyaye haɗurra tun 1988 zamanin Babangida, Wole Soyinka ne shugabanta na farko. A farkon 2003 aka fara tilasta ɗaura bel, waɗanda suka yi wayo lokacin za su tuna yadda aka cika rediyo da sanarwa. A jadawalin dokar hukumar ta 2007 an rubuta tarar rashin ɗaura bel naira 2,000, waya a kunne kana tuƙi naira 4,000, lodin da ya wuce ƙa'ida naira 10,000. Ku duba da kyau, lodi ya ninka bel sau biyar a takarda, amma a titi wanne ake tsayar da mutum a kansa? Sama da shekara ashirin kenan da fara tilastawar, yaron da aka haifa a shekarar yanzu shi ne yake jan motar haya, me ya koya a wurin ubangidansa? Ya koyi inda shingaye suke ɗaya bayan ɗaya daga Kano har Zariya, ya koyi yi wa ɗan'uwansa direba filashin fitila yana nuna ƙasa da yatsa alamar suna gaba, ya koyi naɗe takardar kuɗi ta yadda ba za a gane nawa ce ba sai ya wuce. Amfanin bel ɗin kansa kuwa ko a mafarki ba wanda ya zaunar da shi ya faɗa masa.

Kuma kar masu motar gida su fara murmushi, ku ne ma kuka fi ba ni haushi. Direban haya dai za a ce jahilci da neman na tuwo, kai fa mai digiri biyu da motar miliyoyi? Motarka tana ƙara ƙit ƙit ƙit tana roƙonka ka ɗaura, sai ka zagayo da bel ta bayan kujera ka maƙala ka zauna a kai, wasu ma har ɗan ƙarfen nan suke saya a wajen masu kayan ado na mota su toshe ramin don ta yi shiru. Wato ka fitar da kuɗi daga aljihunka ka sayi abin da zai hana motarka tuna maka da ranka. Idan ka hango masu kaki sai ka zuge gilas ka gyara hula ka yi fuskar manya, su kuma su sara maka, "Allah Ya kiyaye hanya yallaɓai", ka miƙa musu na ruwa. Wanda za a ce ya faka a karɓe makullinsa a bar shi a rana shi ne mai tsohuwar Golf da ba shi da lambar kowa a waya. To ta yaya mutane ba za su ɗauka bel wata hanyar tatsa ce kawai ba? Mun mayar da shi kuɗin shinge, da mu da su.

Yanzu bari in zo kan malaman kwament, masu "in kwana ya ƙare ko bel goma ka ɗaura sai ka tafi". Haka ne, babu musu, ba wanda zai wuce lokacinsa. Amma kai mai wannan magana na san da daddare sai ka kulle shagonka da kwaɗo biyu, ka sa wa babur ɗinka sarƙa, ka bi layin awo da matarka, ban taɓa ji ka ce a bar ƙofa a buɗe in an ƙaddara ɓarawo zai shigo zai shigo ba. Sai a kan bel ne kawai tawakkalinka yake tashi. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu cewa mutumin da ya tambaya ko ya saki raƙuminsa ya dogara ga Allah, ce masa aka yi ya ɗaure shi sannan ya dogara. Kuma abin haushin, mai tawakkalin nan shi ne na farko wajen janyo bel idan ya ga shinge. Ashe tarar dubu biyu ta fi ƙarfin tawakkalin kenan. Ku daina jingina lalacinku da addini don Allah.

Sai masu "idan mota ta kama da wuta ko ta faɗa ruwa fa, ai bel ne zai riƙe ka". Haba jama'a. Wanda kansa ya daki gilas ya suma shi ne zai buɗe ƙofa ya fita daga wuta? Wanda yake cikin hayyacinsa ai danna jan maɓallin nan kawai zai yi. Masu "ai cikin gari ne, daga Zoo Road zuwa Kantin Kwari" su ma ga nasu: karo a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, wato bene mai hawa uku, a gudun 100 kuwa ba ninki biyu ba ne, ninki huɗu ne. Mota ce take tsayawa, kai jikinka bai san an tsaya ba, zai ci gaba da tafiya har sai ya samu abin da zai tare shi, ko sitiyari ko gilas ko kwalta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel yana rage haɗarin mutuwar na gidan gaba da kusan rabi. Rabi fa. Da wani mai magani ne a bakin kasuwa da lasifika ya ce yana da laya mai wannan aikin wallahi da layi har titi, a ɗaura a ƙugu a ɗaura a damtse ba mai cewa tana takura shi.

Maganar gaskiya, ban da wasa yanzu, abin da ya fi tsaya min a rai yara ne. Uba yana tuƙi ya ɗora ɗan shekara biyu a cinya yana riƙe da sitiyari ana ɗaukar bidiyo ana dariya, uwa a gefe da jariri a hannu tana ganin ai ta rungume shi. Hajiya wallahi ba za ki iya riƙe shi ba, ba don ba kya sonsa ba, ƙarfin da zai fizge shi ya fi ƙarfin hannun kowace uwa, in kuma ke ma ba ki ɗaura ba to ke ce za ki danne shi da jikinki a jikin dashbod. Na baya kuma da muke ganin su ba ruwansu, in aka yi karo su ne suke tasowa da dukkan nauyinsu su daki na gaba. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya asibitin ƙashi na Dala ya ga matasa kwance an rataye musu ƙafa, ya ga magidanci da ba zai sake tashi da kansa ba matarsa tana juya shi, ya san ba mutuwa ce kaɗai abin tsoro ba. Akwai jinyar da take cinye gida da gona da jarin 'yan'uwa, kuma ranar babu mai kaki ko ɗaya da zai zo ya kama muku.

Na san saura masu cewa a gyara titi tukuna, a daina cin hanci tukuna, a kwashe shingayen tukuna. To ku zauna jira. Tun 2012 Sufeto Janar na 'yan sanda MD Abubakar ya ba da umarnin a kwashe shingaye a manyan hanyoyi, na bayansa ma sun maimaita, ku fita yau ku ƙirga. Titi mara kyau ai shi ne ma ƙarin dalilin ɗaurawa, ramin ba zai tambaye ka wa ka zaɓa ba. Injiniyan Volvo Nils Bohlin ne ya ƙirƙiro wannan bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu a 1959, kamfanin ya bar wa sauran kamfanoni su yi amfani da shi kyauta saboda rayukan mutane, mu kuma ya iso hannunmu mun mayar da shi katin wucewa. Ni ban ce a daina kamawa ba, a kama, amma in da gaske ake a fara daga tasha inda ake loda mutum biyu a gidan gaba a gaban kowa, a rubuta tikiti a biya a banki a ba da rasit, a tsayar da mai baƙin gilas kamar yadda ake tsayar da mai Golf. In ba haka ba a daina wahalar da mu da wa'azin rediyo duk ƙarshen shekara.

Abu ɗaya da zan yarda da ku a kai shi ne dauɗa. Wanda ya ce bel ya ɓata masa farar shadda ranar ɗaurin aure bai yi ƙarya ba, na motocin haya in ka ja sai ƙura ta tashi, layi zai fito maka baƙi ƙirin daga kafaɗa har ƙugu. Wai su masu wankin mota me ya haɗa su da bel ne? Za su wanke taya har da shafa mata mai tana ƙyalli, su fesa turare mai hawa kai, su goge madubi, amma ko sau ɗaya ban ga wanda ya janyo bel ya sa masa sabulu ba, kuma kuɗin wankin kullum ƙaruwa yake. Ga masu wanki da guga su ma sun tashi kan mutane, kala ɗaya yanzu sai ka yi tunani kafin ka kai, ka tambaya su ce ba wuta gawayi ya yi tsada, in wutar ta zo kuma su ce kuɗin wuta ya ƙaru. Don Allah duk wanda ya san mai guga mai tsoron Allah wajen Hotoro ko Tarauni, wanda ba ya ƙona hannun riga kuma ba ya ba wa ƙaninsa aron kayan mutane ranar Juma'a, ya ajiye min kwatance a ƙasa.