Chrome ɗin iPhone ai Safari ne da sabuwar riga

Wai burauza za ta kashe manhajojin waya, a rubuta abu ɗaya ya yi aiki ko'ina, ni dai ban yarda ba. Ai Apple ta tilasta wa kowace burauza a iPhone hawa injin WebKit, wato injin da Safari, burauzar Apple, ke aiki da shi, har Chrome ɗin, sai 2024 dokar Tarayyar Turai ta sa suka ɗan sassauta a can. Turo sanarwa daga shafin intanet ma sai 2023 suka bari, kuma sai ka liƙa shafin a fuskar waya tukuna. Kai kuma mai cewa Android ta fi wahala saboda wayoyi barkatai, haka ne, amma kuɗin rajistar mai ƙirƙirar manhaja dala 25 Google ke karɓa sau ɗaya, Apple kuwa 99 duk shekara. Kamashon da Apple ke samu daga cinikin manhajoji a shagonta na App Store za su bari ya suɓuce haka kawai?