Ƙyallen tela da bayan jaki

A nan Amurka ina da maƙwabciya dattijuwa, aikinta harhaɗa guntayen yadi ta ɗinka bargo, ta sa auduga a tsakani. A gindin kekenta akwai tsohuwar rigar filo a rataye. Duk ƙyallen da ya yi mata ƙanƙanta da ɓurɓushin auduga, nan take jefawa. In ta kusa cika sai ta ɗinke bakin, ta kai gidan da ake tara karnuka da kyanwowi marasa masu, su samu abin kwanciya maimakon siminti mai sanyi. Kafin ta ɗinke sai ta zura hannu ta lalube ko allura ta faɗa ciki. Ba ta cika ta dam, don in an wanke ba ta bushewa da wuri, kuma saboda haka ne wasu gidajen ba sa karɓa.

Da na ba wa yayana labari ta waya, cewa ya yi, "Mu da mutane ke kwana a tabarma, wa ke ta kare?" Ban ga laifinsa ba. Amma ni jakunan Marwa, garinmu da ke arewacin Kamaru, ne suka faɗo mini a rai.

Muna yara, Baba kan aike ni wajen tela da buhu in kwaso ragowar atamfa da shadda. Shi da kansa yake zama da basilla ya cusa su, ya yi wa jakinmu akumari mai laushi, sannan a ɗora mangala. Inna kuma ta tsinci na gammo da na matashin kai. In hunturu ya kankama a Janairu, akuya ta haihu, a kan tsummokaran nan 'ya'yanta ke kwana a zaure. Ba wanda ya taɓa ce wa wannan tausayin dabba, tattali ne irin na gida.

Zuwana na ƙarshe ana jajibirin sallah, na ga ƙyallaye tuli a bayan shagunan teloli, wasu an cinna musu wuta, wasu sun toshe kwata. A ranar kuma na ga jaki yana fitowa daga kogin Mayo Kaliyawo da lodin yashi, buhun leda kawai aka shimfiɗa masa, bayansa ya sāle, ƙudaje na bin gyambon. Raina ya ɓaci ƙwarai. Audugar da manomanmu ke sayar wa kamfanin auduga na SODECOTON da gumi ake noma ta, yadin kuma da tsada muke saye, ragowarsa ta fi ƙarfin juji.

Ban ce mu gina wa karnuka gida ba, halinmu daban da nasu. Tela dai ya ajiye buhu ɗaya a gindin keke, mai jaki ya biyo ya ɗauka. A ware yadi mai santsi, don yana riƙe zafi, a cusa na auduga zalla. Na riga na roƙi ƙanena da ke ɗinki a unguwarmu ya fara, ya ce buhun farko ya kusa rabi.